Gaban ƴarki ya manne? Likita za a je, ba gidan wanzami ba

A taron asusu, bayan an gama zubi, mukan taɓa hirar yara. Akwai maganar da ake yi ƙasa-ƙasa: uwa tana wa ƴarta wanka, sai ta ga gabanta kamar ya rufe. Hankali ya tashi, kaka ta ce a kira wanzami. Ƴan uwa, mu dakata tukuna.

Abin da ke faruwa shi ne ƙananan leɓɓan gaban yarinya biyu sun manne da juna. An fi ganinsa daga wata 3 zuwa shekara 6, musamman tsakanin shekara 1 da 2. A wannan lokaci sinadarin estrojen ya yi ƙaranci a jikinta, fatar wurin ba ta da kauri. Jiƙaƙƙen kunzugu, zawo ko sabulu mai ƙarfi sai su sa wurin ya yi ja, in ya zo warkewa ya haɗe. Ba a haka aka haife ta ba, ba kuma aikin iska ba ne. Ciki lafiya lau yake, ba ya hana aure ko haihuwa.

A likita, dubawa da ido ta isa: za a ga wani siririn layi fari-fari a tsakiya, da ƴar kafa inda fitsari ke fita. In yarinya tana fitsari ba wahala, sau da yawa ba a ba da magani. Yawanci yakan buɗe da kansa, galibi kafin balaga.

Amma in fitsari na ɗiga bayan ta gama, ko tana kuka wajen yinsa, ko ga zazzaɓi, lokotoro kan rubuta man shafawa mai estrojen ko betametazon. Kaɗan ake shafawa, a kan layin kawai, na wasu makonni. Nono na iya ɗan tasowa ko wurin ya yi duhu. Da an daina sai ya koma. In ya buɗe, a ci gaba da shafa bazilin, don yana iya dawowa. In fitsari ya tsaya cak, a ruga likita nan take.

Kada mu ɓare da yatsa, kada a sa aska. Yanka na kawo zubar jini, ciwon tetanos, da tabon da ke sake rufe wurin fiye da da. Tun 2003 dokar Nijar ta haramta yi wa mace kaciya.

A gida: ruwan ɗumi ba sabulu, tsarki daga gaba zuwa baya, sauya kunzugu da wuri. In kuɗin mota ne ya hana wata zuwa CSI, ai don irin wannan rana muke zuba asusun taimako. Mu buɗe akwati, ɗayarmu ta raka ta.