BATIR NA SAUKA KULLUM? DAKATA KAFIN KA SAYI SABO

Da wuya gari ya waye a Agege ko Idi-Araba ko Sabo ta Ibadan ba ka ga ƙarti uku ko huɗu sun dafa bayan mota suna turi ba, direba na ciki yana jiran ta ɗau gudu ya saki kuloci. Mota mai canja giya da kanta kuwa ko turin ba ya yi mata, sai a shiga neman mai ba da aron batir. In ka tambayi mai motar, amsa ɗaya ce: batir ya mutu. Washegari ya nufi Ladipo ya sayo wani, kafin mako biyu shi ma ya sauka. Kuɗi sun tafi, cuta na nan daram.

To, 'yan'uwa direbobi da masu motoci, batir kamar randa yake. Ba ya haifar da wuta, ajiye ta yake yi, altaneta ne mai ga-ruwan da ke cika shi muddin inji na aiki. In ka tashi da safe ka tarar da randa wayam, ɗayan uku ne: ko randar ta tsage, ko mai ga-ruwa bai cika ta ba, ko wani na ɗiba da dare. Wanda ya sayi sabuwar randa bai bincika sauran biyun ba, sa'a kawai yake gwadawa.

Fara da abin da ido ke gani. Buɗe bonet ka dubi kawunan batir. In ka ga farin gari ko kore ya taru a kansu, ko ka kama waya ka ji tana juyawa, to wuta ba ta shiga sosai, ba ta fita sosai. Laimar Ikko da iskar teku na sa wannan tsatsa saurin kamawa fiye da yadda muka saba a Kano ko Sakkwato. A kwance kawunan, a wanke da ruwan zafi da bakin soda, a kankare, a ɗaure tamau, a shafa ɗan giris. A goge saman batir ɗin ma, domin ƙura mai danshi na iya zama hanyar da wuta ke sulalewa daga wannan kai zuwa wancan. Sa'an nan a taɓa fambel: in ya saki, ko yana ƙara kamar kukan ɓera in an tada mota, altaneta ba ya juyawa yadda ya kamata.

Daga nan sai awo. Duk mai gyaran wutar mota da ya san aikinsa yana da mita, kuma ba tsada gare ta ba, mai mota ma na iya mallakar tasa. Batirin mota ɗaki shida gare shi, kowane na ba da bolt 2.1. In ya cika, kuma motar ta huta wasu awoyi, mita za ta nuna 12.6 ko kusa da haka. In ta nuna 12.2, rabi ya tafi. Ƙasa da 12 kuwa ya sauka. In aka yi masa cikakken caji amma ya tsaya wajen 10.5, ɗaki ɗaya ya mutu, ba sauran magani. A bar mitar a jikinsa, wani ya murɗa makulli: lafiyayyen batir ba ya faɗuwa ƙasa da 9.6 sa'ad da kik ke juya inji.

Mota ta tashi? Sake duba mita. Ya kamata ta hau tsakanin 13.8 da 14.5. Kunna fitilu da fanka, ka ɗan taka totur. In lambar ta zauna a 12 da 'yan kai, mai ga-ruwa ne ba ya kawo ruwa, batir ba shi da laifi. In ta haura 15, cajin ya yi yawa, dafa batir yake yi, shi ne za ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa na ƙafewa da wuri. Wasu sababbin motoci na da kwamfutar da ke rage caji ko ƙara shi da kanta, saboda haka a irinsu kada a yanke hukunci da awo ɗaya.

Akwai wata dabara da makanikai suka gada, wai a cire kan batir inji na aiki, in mota ba ta mutu ba altaneta lafiya. A zamanin Bitil da Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, motoci ba su da kwamfuta, mutane na yi suna tsira. A motar yau, wutar da za ta yi tsalle a wannan lokaci na iya ƙona kwamfutar inji, wadda kuɗinta ya ninka na batir. Duk wanda ya kai hannu zai yi maka haka, riƙe hannunsa.

In batir lafiya, caji lafiya, saura ɓarawon dare, kuma shi ne ya fi ba mutane wahala. Gwaji mafi sauƙi ba ya bukatar mita. Bayan doguwar tafiya, cire wayar kan da ke da alamar ragi, ka bar motar ta kwana. In da safe ka mayar ta tashi bugu ɗaya, alhali da ba ta yi, to ɓarawon na cikin mota. Sai dai ka sani wasu rediyoyi na kulle kansu in an yanke musu wuta, sai da lambar sirri.

Mai mita kuwa zai sa ta tsakanin wannan kai da wayarsa, a ma'aunin amfiya 10, a rufe ƙofofi, a cire makulli, a jira kamar rabin awa kwamfutoci su yi barci. Kada a kuskura a tada inji a haka, fis ɗin mitar zai ƙone. Agogo da ƙwaƙwalwar rediyo na shan kaɗan, kamar miliamfiya 50 ko ƙasa, wannan ba laifi. In ya wuce haka da yawa, sai a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Layin nan ɓarawo yake.

Kada ka raina ƙaramin abu. Ƙwan fitilar but mai wat 5 in ya ƙi mutuwa yana shan kusan rabin amfiya, wato amfiya 10 a kwana guda. Batir mai amfiya 60 cikin kwana uku rabinsa ya tafi, kuma ba wanda zai gani tun da but a rufe yake. Sauran waɗanda aka saba kamawa: rediyo da manyan lasifikoki da aka jona kai tsaye a batir, na'urar bin sawun mota, jiniyar ɓarayi, da cajar waya da aka bari a soket. In an zare fis duka wuta na ci gaba da zuba, a cire wayar altaneta. Dayod ɗinsa in ya lalace, da rana ya yi caji, da dare ya tsotse abin da ya zuba.

Wani lokaci kuwa ba abin da ya lalace, zaman Ikko ne. Tada inji na cin wuta da yawa. Wanda tafiyarsa daga gida zuwa kasuwa minti goma ce, ko ya kwashe awa biyu a cunkoson Mile 12 inji na silo, fitila da na'urar sanyi da waifa duk a kunne, abin da ke fita na iya fin abin da ke shiga. Irin wannan mota na son a kai batirinta caji a hankali lokaci lokaci. Batirin da aka bari a sauke yana yin wani farin gishiri a farantansa, in ya daɗe ya taurare ba ya sake karɓar caji. Saboda haka mai tafiya gida hutun Salla ya cika batir, ya cire kan ragi kafin ya kama hanya.

Batir mai murfi, in ruwansa ya yi ƙasa, tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa. Ruwan ne ke ƙafewa, asid na nan, ƙara masa asid cinye faranti ne. Ruwan rijiya da na famfo kuma gishirinsu illa ne. Masu manyan motocin shanu da albasa, masu batir biyu na bolt 24, su daina jona rediyo ko caja a jikin guda ɗaya, domin shi zai riƙa sauka, ɗan'uwansa na shan cajin da ya wuce kima. In za a canja, a canja su tare.

Batirin da ke caji na fitar da iska mai kama wuta. Ban da taba kusa da shi, ban da gwada shi da sufana don a ga tartsatsi. In za a cire, kan ragi ne farko, in za a mayar shi ne ƙarshe. Asid in ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, a wuce asibiti.