Mai rainon yara a Tabanni: wa zai biya mata kuɗin NCE?

A makarantun firamare na karkarar Birnin Gwari, ajin da ya fi wuyar riƙo shi ne wanda mutane ke kira rabin aji. Yara ne 'yan shekara uku zuwa biyar, wasu ma yayyensu suka biyo saboda uwa ta tafi gona ko tana kan surfe. Ga su nan jere a kan tabarma, wannan na kuka, wancan ya jiƙa wando, wani kuma tun da hantsi zazzaɓi ya rufe shi ya kwanta a gefe. Sau da yawa wadda ake bar wa su ba ta cikin jerin masu albashi. Ko dai 'yar gari ce da ta gama sakandare, ko malamar Islamiyya da iyaye ke haɗa mata ɗan kuɗin sabulu a ƙarshen wata.

A takarda kuwa aikinta yana da matsayi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, a 2007 aka fito da manufar ƙasa ta musamman kan rainon yara, sannan manufar ilimi da aka sabunta a 2013 ta tanadi shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Manufar ta ce kada yara su wuce 25 a hannun malami guda, a koyar da su ta hanyar wasa, kuma da harshen da suka tashi da shi. Ta kuma ce mafi ƙarancin shaidar da za a shiga aji da ita ita ce takardar shaidar malanta ta NCE. A wannan sharaɗi na ƙarshe ne mai raino ta ƙauye irin Tabanni take tsayawa cak.

Akwai masu ganin ba sai an yi wa mace karatu ba kafin ta iya raino, tunda da goyo ta tashi. Ta wani ɓangare suna da gaskiya, domin haƙuri da iya lallashi ba a kwaleji ake samunsu ba. Sai dai riƙon ɗa guda daban, riƙon ɗaki cike da 'ya'yan mutane daban. Kafin yaro ya kai shekara shida ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta, kuma hira da waƙa da tatsuniya da ƙirgen tsakuwa su ne abincinta. Wadda ta samu horo ta san yaron da ba ya waiwaye idan an kira shi ta baya mai yiwuwa kunnensa ne, ba taurin kai ba. Ta san yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari idan gudawa ta kama yaro. Idan aka ba ta tef ɗin auna damtse, ta ga ya sauka a kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ta san tamowa ce mai tsanani, asibiti za a nufa a ranar.

Hanyoyin samun takardar ba ɓoyayyu ba ne. Kwalejojin ilimi suna ba da NCE a fannin kula da ƙananan yara, karatun shekara uku. A jihar Kaduna akwai kwalejin jiha ta Gidan Waya da ke kusa da Kafanchan, wadda aka rage kuɗin karatunta daga naira 75,000 zuwa 37,500 a watan Agusta na 2023. Zariya ma tsohuwar cibiyar horar da malamai ce. Ga wadda ba za ta iya barin gida ba, akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da aka kafa a 1976, hedikwatarta na Rigachikun a hanyar Kaduna zuwa Zariya. Ita karatun nesa take yi: ɗalibi ya karɓi littattafai ya yi nazari a gida, ya riƙa zuwa cibiyar karatu a ƙarshen mako da lokacin hutu. Bayan an gama, sai rajista da hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda tun 2017 take yin jarrabawar cancanta a kan kwamfuta.

Kuɗin makaranta shi ne ƙarami a cikin lissafin. Gidan Waya tana can kudancin jiha, Birnin Gwari tana yamma, don haka sai an bi ta Kaduna. Ga kuɗin mota, ga haya, ga abinci, ga hidimar koyarwar gwaji, ga kuma wanda zai riƙe mata nata 'ya'yan. Kafin duk wannan, sai tana da sakamakon sakandare mai kyau, kuma Turanci da Lissafi su ne ke kayar da yawancin 'yan matan karkara, har a sake biyan kuɗin NECO ko WAEC.

To, ina kuɗin tallafi yake? Akwai shi, amma a warwatse. Asusun lamunin karatu na NELFUND, wanda aka buɗe a watan Mayu na 2024, yana biya wa ɗaliban makarantun gwamnati kuɗin karatu ba tare da ruwa ba, har da alawus na naira 20,000 a wata, kuma kwalejojin ilimi suna ciki. Amma sai mai nema tana da lambar JAMB da NIN da BVN, sai kuma ta cika takardun ta intanet, a yankin da aka taɓa katse wa layin waya gaba ɗaya a 2021. Jihar Kaduna tana da hukumar ba da tallafi da lamunin karatu ga 'yan jiha, ita ma wanda ya riga ya samu gurbi take dubawa. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, wadda doka ta ba kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, tana ware wani kaso don horar da malamai, sai dai ta hannun takwararta ta jiha, SUBEB, yake bi zuwa ga waɗanda ke cikin rajistar ma'aikata. Malamar sa-kai ba ta cikin rajista saboda ba ta da takarda, kuma ba za a kira ta bita ba saboda ba ta cikin rajista.

A wani wuri da sai a ce a turo ƙwararriya daga birni. A Birnin Gwari wannan magana ba ta tafiya. A watan Maris na 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar firamare ta Rama da safe suka tafi da malamai uku. Makarantu da dama a mazaɓun da ke bakin daji sun daɗe a rufe. Tun kafin nan, a 2017, gwamnatin Nasir El-Rufai ta sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan jarrabawar gwaji, kuma ko ma wane ra'ayi mutum ke da shi a kan matakin, cike gurbi a ƙauye ya fi wuya a kan cike shi a Kawo ko Tudun Wada cikin birnin Kaduna. Sulhun da Gwamna Uba Sani ya jagoranta a watan Nuwamba na 2024, har aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, ya sa mutane sun fara komawa gida. Amma malamar da aka turo daga Kaduna, da ta ji ƙarar bindiga sau ɗaya za ta nemi canjin wurin aiki, kuma ba mai ganin laifinta. Wadda mijinta da gonarta da iyayenta ke Tabanni ko Kuyello ko Kutemeshi ita ce mai zama.

An taɓa gwada maganin wannan a maƙwabta. Daga 2008, ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF da tallafin gwamnatin Birtaniya, jihohin Katsina da Sakkwato da Neja da Bauchi, daga baya Zamfara, sun riƙa zaɓo 'yan mata daga ƙauyuka ana ɗaukar nauyin karatunsu na NCE, bisa alkawarin za su koma garinsu su koyar na aƙalla shekara biyu. Shirin bai tafi sumul ba. Alawus yakan makara, da yawa sun sha wuya da darussan saboda raunin tushen sakandare, wasu kuma sun kammala sun zauna a gida suna jiran takardar ɗaukar aiki. Duk waɗannan kurakurai ne na aiwatarwa, kuma an riga an san su.

Ƙaramar hukumar Birnin Gwari tana da mazaɓu 11. Ko mata biyu aka ɗauka daga kowace mazaɓa a shekara, daga cikin waɗanda yanzu haka suke riƙe da rabin aji, ba nauyi ne da zai gagari ƙaramar hukuma ba. Abin da ya kamata a fara da shi shi ne biyan kuɗin gyaran sakamakon sakandare, domin shi ne ba wani asusu da ke kulawa da shi. Sannan kwamitin kula da makaranta na kowane gari ya miƙa sunayen ga sakataren ilimi, SUBEB kuma ta sa hannu a kan alkawarin ɗaukar aiki tun ranar da za su tafi kwaleji.