Tunkiyar Yaro da Asusun Tsufansa

Ranar sunana a Makera, kakata ta sa aka ɗaure mini 'yar tunkiya a turke. Kafin a sa ni firamare sun zama bakwai, duk gida ana ce musu "tumakin yaro". Wata damina taki ya yi tsada, kawuna da ke riƙe da su ya kora biyar kasuwar Dutsin-Ma, ya ce rance ne. Har Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa, babu wanda ya sake tayar da zancen.

Tumakin nan na tuna da na ji yadda ake buɗe wa ƙananan yara asusun fansho a ƙasashen Turawa. A Amurka ana kiransa Roth IRA, dokar 1997 ce ta kawo shi. Uba ko waliyyi ne ke buɗewa yana juya kuɗin, amma dukiyar ta yaro ce, doka ta hana babba taɓawa don biyan buƙatarsa. Sharaɗin shi ne yaron ya samu kuɗi da guminsa, ko da yankan ciyawar maƙwabta ne. A 2025 ba a zuba fiye da dala 7,000 a shekara. Idan ya kai 18 ko 21, gwargwadon jiharsu, waliyyi ya cire hannu. A Ingila kuwa, iyaye su zuba fam 2,880, gwamnati ta cika ya zama 3,600, kuma a kulle yake har yaron ya yi furfura.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tunkiya ta haihu, 'yarta ma ta haihu. Haka riba ke haifar riba idan an ba ta shekara hamsin. Abin da suka fi mu shi ne kawu ba shi da hanyar kwance igiya.

A nan gida, tsarin ƙaramin fansho da hukumar fansho ta PenCom ta ƙaddamar a 2019 an yi shi ne don masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa, kuma da aka fara shi sai ɗan shekara 18 ke shiga. Bankuna dai suna buɗe asusun yara da takardar haihuwa. To amma ni ban yarda a jibge naira a bar ta tana barci ba. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. A irin wannan shekara, kuɗin ragon bara da ƙyar ya sayi ɗan akuya. Dabba ita tana bin farashin kasuwa, sai dai duk wanda ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi ya san abin da ɓarayin daji suka yi wa garkunan mutane. Mai gudun kuɗin ruwa yana da mafita: tun 2017 gwamnatin tarayya ke sayar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa.

Ko tunkiya ce ko asusu, a rubuta. Suratun Nisa'i ta yi umarni da kafa shaidu ranar miƙa wa maraya dukiyarsa. Mai karatu, idan akwai dabbar wani yaro a turkenka, kira mutum biyu yau ku ƙirga, ku sa a takarda.