Haɗuwar Jini a Finafinan Hausa da Ladabin Saɓanin Ra'ayi Tsakanin Masu Kallo

1.0 Gabatarwa

Duk inda masu kallon finafinan Hausa suka taru, a teburin mai shayi ne ko a tsakar gida, da wuya a tashi ba a taɓo zancen wane da wance ba. Wani zai ce jarumi kaza da jaruma kaza sun dace ƙwarai, har mai kallo kan manta wasa ake yi. Wani kuma zai ce shi bai ga wani abin a zo a gani ba. Sau da yawa irin wannan hira kan fara da raha ta ƙare da ɓacin rai. Wannan takarda za ta bayyana abin da ake nufi da dacewar jarumai, da hanyoyin da ake bi a gina ta a fim, da dalilan da suke sa masu kallo su saɓa a kanta. Daga nan za ta kawo kalamai da salon da Bahaushe yake amfani da su idan zai saɓa wa wani ba tare da ya ci masa fuska ba. An ɗauki yankin Garou da Malanville na arewacin Jamhuriyar Benin a matsayin fagen misali, saboda wuri ne da masu harsuna daban-daban suke zaune tare.

2.0 Ma'anar Haɗuwar Jini

Idan mutum biyu suka shaƙu da juna cikin sauƙi, ba tare da wani dalili na zahiri ba, Hausawa kan ce “jininsu ya haɗu”. Idan kuwa aka sami akasin haka, sai a ce “jininsu bai haɗu ba”. Asalin wannan magana ba ta taƙaita ga soyayya ba, domin ana faɗar ta a kan abokai, ko maƙwabta, ko uwar miji da matar ɗanta. Masu kallo sun ɗauko ta ne suka ɗora wa jarumi da jarumar da suka fito a matsayin masoya. Akwai kuma wasu kalamai masu kusancin ma'ana, kamar “sun dace”, da “sun yi daidai da juna”, da “kamar tif da taya”.

Ya kamata ɗalibi ya lura da bambanci guda. “Sun dace” hukunci ne a kan abin da ido ya gani, wato tsawo da shekaru da kamanni da shiga. “Jininsu ya haɗu” kuwa hukunci ne a kan abin da mai kallo ya ji a ransa game da yadda mutanen biyu suke amsa wa juna. Na farkon ana iya nuna shi da yatsa. Na biyun ba shi da ma'auni, shi ya sa gardama ta fi yawa a kansa.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Tun daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen silima suka riƙa nuna finafinan Indiya a biranen Arewacin Nijeriya. A cikin waɗannan finafinai ne masu kallo suka saba da ganin jarumi da jaruma ɗaya suna maimaita fitowa tare, kamar Raj Kapoor da Nargis, daga baya kuma Shah Rukh Khan da Kajol. Masanin nan Brian Larkin ya yi nazarin wannan ƙauna da Hausawa suke yi wa finafinan Indiya a wata maƙala da ya buga a 1997.

Fim ɗin bidiyo na Hausa da aka fi ambata a matsayin na farko shi ne *Turmin Danya*, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. A cikin shekarun da suka biyo baya an mayar da wasu littattafan soyayya zuwa fim, ciki har da *In Da So Da Ƙauna* na Ado Ahmad Gidan Dabino. A 1999 mujallar *Fim* ta fara fitowa, a shekarar ne kuma sunan Kannywood ya bayyana a mujallar *Tauraruwa*. A wajen shekarar 2000 aka fitar da *Sangaya* na kamfanin Sarauniya, inda Ali Nuhu ya fito a matsayin ɗan sarki, Fati Muhammad kuma baiwar Allah mai aiki a gidan sarautar. Karɓuwar da wannan fim ya samu ta nuna wa masu shirya finafinai cewa haɗa jarumai biyu da masu kallo suka yarda da dacewarsu, tare da waƙa mai daɗi, abu ne mai jawo kasuwa. Daga Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano kaset-kaset suka riƙa bazuwa zuwa Nijar da Benin da Gana da Kamaru, kafin faifan sidi, sannan wayar hannu da YouTube su karɓi wannan aiki.

4.0 Yadda Ake Gina Dacewar a Fim

Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Kano a 2000, an kafa Hukumar Tace Finafinai ta jihar a 2001. Daga cikin ƙa'idojin da aka san masana'antar da su akwai hana taɓa jiki tsakanin namiji da mace. Saboda haka dole darakta ya nemi wasu hanyoyi na nuna so. Manyansu huɗu ne:

(a) Kallo da fuska. Sunkuyar da kai, da satar kallo, da murmushin da aka danne. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska.

(b) Zance. Zolaya da habaici da kalaman da suke ɗauke da ma'ana biyu, irin waɗanda aka sani a hirar saurayi da budurwa a ƙofar gida.

(c) Waƙa. A nan akwai abin lura. Galibi ba jarumar ce take rera waƙar ba, bakinta kawai take motsawa. Muryar ta mawaƙa ce irin su Fati Nijar ko Maryam A. Baba, ta namijin kuma irin ta Misbahu M. Ahmad ko Nura M. Inuwa. A wasu lokutan mawaƙin kan fito da kansa, kamar yadda Umar M. Shareef ya fito tare da Maryam Yahaya a fim ɗin *Mansoor* a 2017.

(d) Aikin mai ɗaukar hoto da mai tacewa. Su ne suke zaɓar lokacin da za a matso da fuska kusa, da tsawon lokacin da kallo zai ɗauka kafin a yanke.

Abin da wannan ya nuna shi ne, haɗuwar jinin da mai kallo yake gani aikin hannu da yawa ne. Mai yiwuwa jaruman biyu gaisuwa ce kawai tsakaninsu idan an tashi daga wurin ɗauka.

5.0 Dalilan Saɓanin Ra'ayi

Garou ɗaya ce daga gundumomi biyar na ƙaramar hukumar Malanville a lardin Alibori. Kogin Kwara ne ya raba yankin da garin Gaya na Nijar, kuma ba shi da nisa da iyakar Jihar Kebbi. Dandawa ne suka fi yawa, akwai Fulani, akwai kuma Hausawa da fatauci ya kawo, musamman saboda babbar kasuwar Malanville. Faransanci ne harshen hukuma da na makaranta. A wuri irin wannan ana iya ganin dalilan saɓani a fili.

Na farko shi ne harshe. Wanda ya tashi da Hausa a bakinsa yana jin habaicin da ke cikin zancen masoya, yana kuma gane inda jaruma ta faɗi magana kamar mai karanta allo. Wanda ya koyi Hausa a kasuwa, harshen gidansu kuwa Dandanci ne ko Fulatanci, zai fi dogara da fuska da kiɗa. Su biyun fim ɗaya suka kalla, amma kowa da ƙofar da ya shiga ta.

Na biyu shi ne shekaru. Wanda ya yi samartaka a zamanin *Sangaya* yana auna duk wani jarumi da jaruma da ma'aunin wancan lokaci, domin fim ɗin ya haɗe da tunanin ƙuruciyarsa. Yaron da ya fara kallo a wayar hannu kuwa zai iya ganin tsofaffin finafinan sun cika jan lokaci.

Na uku shi ne tarbiyya da fahimtar kunya. Wani yana ganin jarumar da take sunkuyar da kai ita ce ta nuna so na gaskiya, wani kuma yana ganin ta kasa wasan ne. Akwai ma wanda rawa da waƙa tsakanin namiji da mace ba su kwanta masa a rai ba tun asali, saboda dalilin addini. Wannan ma ra'ayi ne da malamai da iyaye da dama suka daɗe suna bayyanawa, kuma yana da mazauni a cikin muhawarar.

Na huɗu shi ne son jarumi. So hana ganin laifi. Wanda ya riga ya ɗauki wani jarumi a matsayin gwaninsa zai ga ya dace da kowace mace aka haɗa shi da ita.

Shirin *Labarina* na Aminu Saira, wanda ya fara fitowa a tashar Arewa24 a 2020, ya ba da misali mai kyau. Masu kallo sun rabu a kan wanda ya fi dacewa da Sumayya tsakanin Mahmud da Presido da Lukman. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, sai wata sabuwar gardama ta taso. Sunan tauraruwar labarin bai canza ba, amma fuska da murya sun canza, sai wasu suka karɓa, wasu suka ce abin ya fita daga ransu.

6.0 Iyakar da Ke Tsakanin Ra'ayi da Ƙazafi

Girmama ra'ayi ba ya nufin amincewa da duk abin da aka faɗa. Idan mutum ya ce “ni ban ga sun dace ba”, ya faɗi abin da ke ransa ne, babu mai iya ƙaryata shi. Idan kuwa ya ce “wannan kallon da suke yi wa juna, ai akwai wani abu tsakaninsu”, to ya bar zancen fim ya shiga rayuwar mutane ba da hujja ba.

Gaskiya ne wasu 'yan wasa sun auri juna, kamar marigayi Ahmad S. Nuhu, wanda ya rasu a haɗarin mota a ranar 1 ga Janairun 2007, da Hafsat Shehu. Amma Fati Muhammad, wadda aka fi saninta da fitowa tare da Ali Nuhu, wani ɗan wasan ta aura, wato Sani Musa Mai Iska. Ke nan abin da aka gani a fim ba ya zama shaida a kan abin da ke faruwa a gida.

Nauyin irin wannan zato ya fi faɗawa kan mata. A watan Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga masana'antar saboda fitowar da ta yi a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ, inda aka ga sun riƙe juna. Jama'a sun rabu biyu a kan hukuncin, daga baya kuma ta nemi afuwa. Abin lura ga ɗalibi shi ne, maganar masu kallo tana iya taɓa sana'ar mutum da mutuncinsa, har da aurensa.

7.0 Kalaman Saɓawa Cikin Ladabi

Hausa tana da kalamai da ke nuna cewa mai magana ra'ayinsa yake faɗi, ba doka ba. Daga cikinsu akwai “a ganina”, “ni dai”, “a nawa ɗan sanin”, “ban ƙi ta taka ba”, “da gaskiyarka, amma”, da kuma “Allah ya huci zuciyarka” idan da babba ake magana. Ƙaramar kalmar nan “dai” tana da aiki babba, domin tana taƙaita hukuncin ga mai faɗarsa. A kwatanta “ba su dace ba” da “ni dai ban ga sun dace ba”. Jimlar farko ta rufe ƙofa, ta biyu ta bar wa abokin hira wurin tsayawa.

An tsara wannan gajeriyar hira domin darasi, tsakanin wani saurayi da ƙanen mahaifiyarsa a wata rumfa a Garou:

Saurayi: Kawu, ai yaran nan biyu jininsu ya haɗu. Ka ga yadda take satar kallonsa?

Kawu: To, yaro, ban ƙi ta taka ba. Ni dai maganarta ce ba ta shiga kunnena ba, kamar hadda take bayarwa.

Saurayi: Da gaskiyarka, Kawu. Ni waƙar ce ta ɗauke mini hankali, ban lura da maganar ba.

Kawu: Ka gani ko? Kai kana kallon ido, ni ina sauraron baki. In an sake sa shi, sai mu yi musaya.

A wannan hira babu wanda ya janye ra'ayinsa. Saurayin bai ce wa kawunsa “ba ka gane ba”, kawun kuma bai ce “me ka sani” ba. Kowannensu ya faɗi abin da ya dogara da shi, wannan ne ya ba ɗayan damar ganin abin da ya wuce shi.

8.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa haɗuwar jini a fim abu ne da darakta da mawaƙa da masu tacewa suke ginawa tare da jarumai, sannan mai kallo ya kammala shi da harshensa da shekarunsa da tarbiyyarsa. Don haka ba abin mamaki ba ne a saɓa a kansa. Abin da ake buƙata shi ne mutum ya jingina ra'ayinsa ga kansa, ya kawo dalilinsa daga cikin fim ɗin, ya kuma tsaya a kan wasan ba tare da kutsawa cikin rayuwar ɗan wasa ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji Hausawa, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

9.0 Aikin Gida

1. Bayyana bambancin “sun dace” da “jininsu ya haɗu”, tare da jimla biyu a kan kowanne.

2. Sake gina waɗannan jimloli yadda za su dace da magana da babba: (a) Ba ka iya kallon fim ba. (b) Jarumar nan ba ta iya komai ba.

3. Zaɓi fitowa ɗaya daga wani fim na Hausa, ka kalle ta ba murya, sannan ka saurare ta ba hoto. Rubuta sakin layi guda a kan yadda ra'ayinka ya kasance a kowane karo.