Injin tobo a zafin Illela: Abin da sauya bututun iska ke ƙara wa mota da abin da yake ragewa

Garin Illela, da ke da nisan kilomita 80 da 'yan kai arewa da birnin Sakkwato, yana fuskantar Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, kuma abinci da kasuwancinsa a kan taya suke tafiya. Manyan motocin shanu da albasa, da Hilux ɗin 'yan kasuwa, da ƙananan motocin da ke bi ta Kware da Gwadabawa, duk suna aiki ne a ƙarƙashin abubuwa biyu da injin mota ba ya ƙauna: zafin bazara da ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, da ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara tun daga Nuwamba har zuwa Fabrairu.

Yawancin manyan motocin dizal suna da tobo tun da daɗewa. Yanzu kuma ƙananan motocin fetur sun bi sahu, domin kamfanonin Turai da Amurka da Japan sun koma ƙera ƙananan injuna masu tobo. Honda Civic ta 2016 da Accord ta 2018 suna da injin lita 1.5 mai tobo, haka Mercedes C300 daga 2015 tana da na lita 2.0. Tare da irin waɗannan motoci ne tallan wani kayan gyara ya bazu, wato faffaɗan bututu mai matata a bakinsa, wanda ake cire akwatin iya-kilina na kamfani a ɗaura shi, da alƙawarin cewa zai kai wa inji iska mai sanyi, ya ƙara ƙarfi, ya kuma rage shan mai. Kafin mai mota ya kashe kuɗinsa, yana da kyau ya san yadda lissafin yake.

Dalilin da inji ke son iska mai sanyi

Inji ba ya ƙona mai sai da iska. Kowane kilo guda na fetur yana buƙatar kusan kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai, wanda ke nufin lita ɗaya ta fetur tana cin iska wajen lita 9,000. Iska kuwa idan ta ɗauki zafi sai ta buɗe ta yi sako-sako. Kubik mita ɗaya ta iska tana da nauyin kusan kilo 1.20 a zafin digiri 20, amma a digiri 45 nauyinta yakan sauka zuwa kusan kilo 1.11. Bambancin ya kai kashi 8 cikin 100, wato kusan kashi ɗaya a duk ƙarin digiri uku. Wannan ne ya sa direban da ya baro Sakkwato da asuba yake jin motarsa sakayau, amma da ya juyo daga kasuwar Illela da azahar sai ya ji ta yi nauyi.

Saboda haka tushen maganar masu tallan gaskiya ne. Inda lissafin ke sauyawa shi ne idan tobo ya shigo tsakani.

Aikin tobo da intakula

Tobo tsohuwar fasaha ce, domin tun 1905 wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar ƙirƙirarta. Fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita zuwa salansa yana juya ta farko, ita kuma ta biyu tana zuƙo iska ta matsa ta cikin inji da ƙarfi. A ƙananan motoci juyin yakan wuce sau 100,000 a minti guda.

Sai dai matsa iska yana ɗora mata zafi. Idan aka taka totur sosai, iskar da ke fita daga tobo tana iya haura digiri 100. Shi ya sa ake ratsa ta da ita ta cikin intakula, wani abu mai kama da lagireto da ake kafawa a gaban mota ko a saman inji, domin iskar hanya ta kwashe mata zafi kafin ta isa ga fistin. A injin tobo, intakula ce ke ɗaukar mafi yawan aikin sanyaya iska.

Ga misali. A ɗauka sabon bututun ya rage wa iskar da ke shiga digiri 10. Bayan tobo ya matsa ta, bambancin zai zama wajen digiri 13. Idan intakula tana kwashe kashi 70 cikin 100 na zafin da ya ɗara na waje, abin da zai rage na wannan bambanci a bakin inji bai wuce digiri 4 ba. Digiri huɗu kuwa ƙarin iska ne na kashi ɗaya da ɗan wani abu cikin 100, wanda ƙafar direba ba za ta iya tantancewa ba.

Akwai kuma kwamfutar inji, wadda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwar mota. A motocin tobo na zamani an riga an rubuta mata iyakar ƙarfin da za ta nema daga inji. Idan iska ta samu sauƙin shiga, sai kawai ta sassauta wa tobo, ƙarfin ya tsaya kusa da inda yake. Ƙarin ƙarfi na a zo a gani yana zuwa ne idan an sake rubuta umarnin kwamfutar, an kuma faɗaɗa intakula da hanyar hayaƙi, kuma wannan aiki ne mai tsada da ke ƙara wa fistin da giya wahala. Abin da mai mota ke samu nan take bayan ɗaura bututun shi ne ƙara, domin akwatin kamfani yana danne huci da fiton tobo, buɗaɗɗen bututu kuwa yana sake su. Kunne ya ji sauyi, sai zuciya ta ɗauka gudu ne ya ƙaru.

Batun rage shan mai shi ma haka yake, duk da cewa shi ne ya fi jan hankali tun bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Kwamfuta tana auna iskar da ta shiga ne ta ba da mai daidai da ita. A tafiyar yau da kullum totur ne ke ƙayyade iskar, kuma matatar kamfani mai tsabta tana ba da fiye da abin da ake buƙata.

Idan maganin ya zama cuta

Akwatin iya-kilina na kamfani a rufe yake, kuma bakinsa yana zuƙar iska daga gaban mota ko gefenta, wato daga waje. Da yawa daga cikin bututan da ake sayarwa kuwa gajeru ne, matatarsu a buɗe take cikin bonet, kusa da lagireto da jikin tobo mai zafi. A kan buɗaɗɗiyar hanya iska tana ratsawa, abin da sauƙi. Amma motar da ta tsaya a layin shingen kwastam, ko ta maƙale a cunkoson ranar Lahadi da kasuwar Illela ke ci, iskar da ke cikin bonet ɗinta ta fi ta waje zafi nesa ba kusa ba. A nan abin da aka saya domin sanyi shi ne zai riƙa ɗura wa inji zafi. Idan kuwa iska ta yi zafi da yawa, kwamfuta takan jinkirta tartsatsin fulogi domin kare fistin daga ƙwanƙwasa, ƙarfi ya ƙara raguwa.

Dogayen bututan da ake saukar da matatarsu ƙasa, bayan bamba, sun tsira daga wannan, amma suna da tasu matsalar a damina. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Idan mota ta faɗa kwatami matatar ta zuƙi ruwa, fistin yana iya cin karo da shi ya lanƙwasa sandarsa, inji ya tsaya cak. Gyaran wannan sai garambawul ko sabon inji.

Ƙura ce babbar barazana

Ga mai mota a Illela, abin da ya fi zafi haɗari shi ne ƙura. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, da rairayin da motoci ke tayarwa a hanyoyin ƙauye, suna ɗauke da ƙwayoyin yashi masu tauri da ke iya kankare ƙarfe. Abu na farko da iska ke tararwa bayan matata shi ne fankar tobo, wadda galibi da alminiyam ake ƙera ta. Ƙwayar yashi da ta daki fanka mai irin wannan juyi tana cin gefenta kaɗan-kaɗan har ta daina matsa iska yadda ya kamata. Abin da ya wuce kuma ya shiga ya goge ringi da bangon silinda, ya gauraya da baƙin mai. Daga nan sai mota ta fara shan baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi.

Matatar takarda mai kyau tana tare fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙura a gwajin da ake yi bisa ƙa'idar ISO 5011. Matatun auduga da ake shafa wa mai, waɗanda suka fi zuwa da bututan kasuwa, suna barin iska ta wuce da sauƙi ne saboda ramukansu sun fi faɗi, kuma man da ke jikinsu ne ke kama ƙura. Idan man ya bushe, ƙura ta samu hanya. Idan aka cika shi, yana iya ɓata siririyar wayar sensar da ke auna iska, kwamfuta ta fara samun lissafin ƙarya, fitilar inji ta kama, mota ta riƙa shaƙewa. Jabun da ke yawo a kasuwa kuwa ba a ma san irin gwajin da suka ci ba. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Abin lura shi ne yadda masu ƙera motocin hamada suka tunkari lamarin. Bututun da ake gani a gefen gilashin Land Cruiser da wasu Hilux yana ɗaga bakin iska ne zuwa saman mota, nesa da ƙurar taya da ruwan kwatami, kuma akwatin matata yana nan a rufe. Manyan motoci da taraktoci da dama suna da wani kofi da ke juya iska ya watsar da manyan ƙwayoyin yashi kafin su kai ga matata.

Inda kuɗin ya fi amfani

Mai motar tobo da ke jin ƙarfinta ya ragu yana da abubuwan dubawa masu sauƙin kuɗi. Na farko, matatar iska: a riƙa duba ta a kai a kai a hunturu, a sauya ta kafin lokacin da littafin mota ya faɗa, domin littattafan da kansu suna rage wa'adin ga motar da ke aiki cikin ƙura. Al'adar kai ta wurin mai faci a hura mata iska mai ƙarfi tana iya yaga takardar ta inda ido ba ya gani. Na biyu, murfin akwatin da robarsa, da duk tiyon da ke tsakanin matata da tobo, domin ƙaramar tsaga a nan ƙofa ce ga ƙura. Na uku, fuskar intakula da lagireto, waɗanda ƙwari da ciyawa da laka ke toshewa. Wankewa da ruwa marar ƙarfi yana dawo musu da numfashi. Na huɗu, baƙin mai irin wanda kamfani ya ƙayyade, a kan lokaci, da kuma barin inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye bayan doguwar tafiya kafin a kashe, domin tobo ya huce.

Wanda kuma ya ƙudura sai ya sauya, to ya nemi bututun da aka ƙera domin samfurin motarsa, mai rufaffen akwati da ke shan iska daga waje, mai busasshiyar matata, wanda mazaunin sensarsa ya yi daidai da na asali. Ya kuma adana akwatin kamfani, domin ranar sayar da mota dillali zai tambaye shi. Sauyin yana da ma'ana ga motar da aka riga aka ƙara wa ƙarfi har matatar asali ta gaza wadatar da ita. Ga motar da ke jigila tsakanin Sakkwato da Illela da Ƙonni kuwa, sabuwar matatar takarda a farkon hunturu ta fi shi riba, kuma kuɗinta bai kai ko kusa da na sabon tobo ba.