Sammore da Binciken Farfesa Andrew Nok

Makiyayan ƙasar Batsari da Safana, daga Darini har gefen dajin Rugu, sun daɗe da sanin sammore. Sukan gane ta a jikin saniya tun kafin likita ya zo: rama, da tashin gashi, da hawaye, sa'an nan dasashi da fatar cikin ido su yi fari fat, alamar jini ya ƙare. Ƙudan tsando, wanda ya fi yaɗa cutar, ba mazaunin wannan yanki ba ne sosai. Shanu kan kwaso ta ne idan an gangara da su kudu da rani neman ciyawa da ruwa. Abin da makiyayi bai iya faɗa ba shi ne inda jinin yake tafiya, tunda babu rauni, babu zuba. Wannan tambaya ce ta ci mafi yawan shekarun binciken marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok.

An haifi Nok a 1962, ɗan asalin garin Nok ne a ƙasar Jaba ta Jihar Kaduna, wato garin nan da aka san shi da tsofaffin gumakan yumɓu. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a 1983, ya kuma sami na dakta a nan a 1993, duka a fannin kimiyyar sinadaran jikin masu rai. A Zariya ya yi aikinsa na koyarwa da bincike.

Bincikensa ya ta'allaƙa ne a kan wani furotin mai suna siyalides. Shi furotin irin wannan, wanda masana ke kira inzayim, aikinsa kamar na almakashi ne: akwai abu guda da yake yankewa, ba ya taɓa wani. Kowace jar ƙwayar jini tana lulluɓe da wani sinadari da ake kira siyalik, wanda shi ne shaidar da jiki ke gane ta da shi cewa tasa ce, kuma da sauran amfaninta. Ƙwayar cutar sammore takan saki siyalides cikin jini, ya aske wannan lulluɓi. Da zarar an aske, sai hanta da saifa su ɗauki ƙwayar jinin a matsayin tsohuwa, su kawar da ita. Ashe jikin saniyar ne da kansa yake cinye jininta.

Ba Nok ne ya fara hango wannan ba. Farfesa K. A. N. Esievo na Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Zariya ya nuna alaƙar siyalides da ƙarancin jini tun farkon shekarun 1980, kuma sun yi aiki tare. Gudummawar Nok ita ce tace furotin ɗin, da auna halayensa, da bin sawunsa har zuwa ƙwayar gadon da ke samar da shi. A 2003 shi da ɗalibinsa Emmanuel Balogun suka buga sakamakon da ya nuna siyalides a jinin dabbar da ta kamu da nau'in ƙwayar da ake kira kongolens. Dalilin wannan naci kuwa shi ne, ƙwayar cutar takan sauya rigarta ta waje a kai a kai, shi ya sa allurar rigakafi ta gagara. Nok ya ga cewa idan riga ta ƙi kamuwa, to a kama makamin. Kan wannan aiki ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009, sa'an nan Gidauniyar Humboldt ta Jamus ta ba shi kyautar Georg Forster a 2013. Jaridu sun ɗan yi azarɓaɓi a lokacin, kamar an gama da cutar ke nan, alhali har ya rasu allurar ba ta fita daga ɗakin gwaji zuwa ruga ba.

Akwai wani ɓangare na aikinsa da ya kamata manazarta al'ada su lura da shi. Nok bai raina maganin gargajiya ba, bai kuma karɓe shi ido rufe ba. Ya gwada ganyen darbejiya a kan ƙwayar cutar a 1993, da tafarnuwa a 1996, ya kuma yi aiki da wani sinadari na duman dutse a kan dafin maciji. Masu tattara sunayen itatuwa da magungunan Hausawa sukan tsaya ga abin da mai magani ya faɗa. Irin wannan gwaji ne ke bambance abin da ke aiki da abin da suna kawai ya yi.

Tasirinsa mafi ɗorewa yana ga ɗalibai. Ya shugabanci cibiyar bincike da horarwa kan fasahar halittu ta jami'ar, ya kuma jagoranci kafa cibiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi, da tallafin Bankin Duniya. A 2015 Gwamnatin Jihar Kaduna ta naɗa shi Kwamishinan Lafiya, daga baya aka mai da shi Ma'aikatar Ilmi. Yana kan wannan muƙami ya rasu a watan Nuwamba na 2017, yana da shekara 55. Ɗalibansa, ciki har da Balogun, sun ci gaba da neman sinadaran da za su dakushe kaifin siyalides.