Shin Roma Ba Wurin Kai Iyali Hutu Ba Ne? Gyara Kan Wata Fahimta

Akwai wata magana da ta zauna a bakin magidanta da yawa, musamman waɗanda Allah ya hore wa abin fita da iyali hutu ƙasar waje. Da zarar an ambaci Roma, babban birnin Italiya, sai ka ji an ce: "Me zai kai Musulmi can da matarsa da 'ya'yansa? Abincinsu alade ne da giya, abin kallonsu coci ne da gumaka, ga ba wurin salla. Gara Dubai ko Istanbul ko Alƙahira." Masu wannan ra'ayi mutanen kirki ne. Tsoron ciyar da iyali haram da kishin tarbiyyar yara ne ke sa su faɗin haka, kuma duk magidancin da bai damu da waɗannan abubuwa biyu ba akwai gyara a lamarinsa.

Maganar tasu tana da tushe. Naman alade ya shiga girkin mutanen Roma sosai, giyar inabi kuwa a kan teburin cin abinci take zama. Coci-coci sun kai ɗaruruwa, fadar Fafaroma tana tsakiyar birnin, kuma a dandali da gidajen tarihi akwai sassaƙe-sassaƙen da uba ba zai so idon 'yarsa ya kai kansu ba. Kuskuren yana wajen hukuncin da aka gina a kan wannan gaskiya, wato cewa babu abin da ya rage wa Musulmi a birnin. Mu bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da abinci, tunda shi ne babban abin fargaba. Taliyar da Roma ta yi suna da ita kala huɗu ce. Uku daga ciki, carbonara da amatriciana da gricia, da naman kumatun alade ake yin su, wanda suke kira guanciale, don haka babu ruwan Musulmi da su. Ta huɗun, cacio e pepe, cukun tumaki ne da baƙin barkono kawai, ba nama. Bayan ita akwai arrabbiata, taliya da miyar tumatir da tafarnuwa da barkono mai zafi, wadda bakin Bahaushe ba zai yi baƙunta da ita ba. Akwai aglio e olio, tafarnuwa da man zaitun. Fiza mai suna marinara tumatir ce da tafarnuwa da man zaitun, margherita kuma tumatir da cuku. Ga soyayyen kifin baccalà, ga gasasshen kifin teku, ga kayan lambu iri-iri. Tushen girkin Roma girkin talaka ne, wanda alkama da ganye da wake suka fi nama yawa a cikinsa. Ƙari a kan haka, tsohuwar al'adar Katolika ta ƙaurace wa nama ranar Juma'a ta bar wa birnin gadon abincin kifi da wake mai yawa.

Sai dai a nan dole a ja kunnen wani ɓangare, masu ganin cewa duk abin da ido bai ga nama a cikinsa ba ya halatta. Wannan ma kuskure ne, kuma ya fi na farko hatsari. Akan sa kitsen alade, wanda suke kira strutto, a wasu nau'o'in burodi da kayan fulawa. Miyar wake da taliya wani lokaci da fatar alade ake dafa ta. Saltimbocca naman maraƙi ne, amma an lulluɓe shi da yankan naman alade, sannan an soya da giya. Shinkafar risotto da taliyar kayan teku galibi ana zuba musu farar giya a tukunya. A kayan zaƙi, babà jiƙe yake da barasa, tiramisù ma wasu na sa masa, haka askirim mai suna zabaione ko malaga. Maganin wannan duka kalmomi kaɗan ne da mutum zai riƙe: maiale alade, strutto kitsensa, guanciale da pancetta da prosciutto sassan namansa, vino giyar inabi, senza kuma na nufin "ban da". Ka nuna wa ma'aikacin gidan abinci abin da kake so a takardar abinci, ka ce "senza maiale, senza vino?" In bai tabbata ba, ka roƙe shi ya leƙa kicin ya tambayo. Mutanen Italiya suna son a yi musu tambaya kan girkinsu, kuma sun saba da masu ƙaurace wa wasu abinci saboda lafiya ko addini. Matambayi ba ya ɓata. Kayan kanti kuwa doka ta wajabta a rubuta abin da aka haɗa su da shi a jikin leda ko kwali.

Wanda ba ya iya wuni bai ci nama ba shi ma an tanadar masa. Kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Termini akwai kasuwar Esquilino, a gefen dandalin Vittorio, inda mahauta Musulmi ke sayar da naman halal, kuma ana samun doya da kuɓewa da kayan yaji. Unguwanni irin su Tor Pignattara da Centocelle cike suke da gidajen abincin 'yan Bangaladash da Larabawa. Iyalin da suka kama gida mai kicin maimakon ɗakin otal za su iya girka tasu miyar da dare, su rage kashe kuɗi. Akwai kuma tsohuwar unguwar Yahudawa a bakin kogin Tiber, inda Fafaroma Paul na Huɗu ya killace su a 1555. Gidajen abincin da ke bin dokar addininsu ba sa kusantar alade ko kaɗan, kuma a nan ake yin carciofi alla giudia, wani kayan lambu mai siffar furen da bai gama buɗewa ba, da ake soyawa cikin mai har ganyensa su buɗe su yi ƙaras-ƙaras. Batun yankan Ahlul Kitabi, da na sinadarin cikin ɗan rago da ake daskarar da cuku da shi, mas'aloli ne da malamai suka yi bayani a kansu, sai mutum ya tambayi malaminsa kafin ya tashi. Wanda kuma ba ya son zama inda ake shan giya a teburin kusa, ga shagunan fiza na yanka: ka nuna girman da kake so da hannu, a yanka da almakashi, a auna a sikeli, ka ɗauka ku tafi lambu ku ci.

Hujja ta biyu ita ce rashin wurin salla. Wannan ita ce mafi saukin warwarewa, domin a Roma akwai ɗaya daga cikin masallatai mafi girma a Turai. Hukumar birnin ce ta ba da filin a 1974, Sarki Faisal na Saudiyya ya jagoranci ɗaukar nauyin aikin, aka aza harsashi a 1984, aka buɗe shi a 1995. Paolo Portoghesi da Vittorio Gigliotti da Sami Mousawi ne suka tsara ginin. Ginshiƙan cikinsa sun tashi sun rarrabu daga sama kamar itatuwan dabino, haske na shigowa ta tsakaninsu. Yana arewacin birnin, a gindin tudun Parioli, kuma jirgin ƙasa daga dandalin Flaminio na kai mutum kusa da shi cikin 'yan mintuna. Ranar Juma'a masu sayar da abinci kan baje a wajen ƙofarsa. Ban da shi akwai ƙananan masallatan unguwa, sannan ga rangwamen ƙasaru da shari'a ta yi wa matafiyi. Yaron da ya yi sahu ɗaya da ɗan Maroko da ɗan Senegal da Baturen Italiya da ya musulunta ya ga faɗin al'ummarsa da idonsa.

Hujja ta uku, cewa abin kallo coci ne da gumaka kawai, ita ce ta fi tauye wa birnin haƙƙinsa. Roma ta girmi addinin Kirista da ɗaruruwan shekaru. Kolosiyum, wanda aka buɗe a shekara ta 80 Miladiyya zamanin Sarki Titus, filin wasa ne da ke ɗaukar mutum kusan 50,000, inda a da ake haɗa bayi faɗa da juna da namun dajin da aka kwaso, da yawansu daga Arewacin Afirka, jama'a na shewa. Uban da ya tsaya da ɗansa a cikin wannan kango yana da darasi a gabansa kan ƙarfin mulki da zalunci da yadda duka biyun ke ƙarewa. Alƙur'ani ya yi kira a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a ga ƙarshen waɗanda suka gabata, kuma da wuya a sami birnin da ya tara wannan wa'azi wuri ɗaya kamar Roma.

Sannan ga ilimin gini da na ruwa. Fantiyon, wanda aka gina zamanin Sarki Hadrian wajen shekara ta 125, yana da ƙubba mai faɗin mita 43 da aka zuba da kankare ba tare da rodi ba, kuma har yau tana tsaye. Ya kamata a sani cewa tun 609 aka mayar da ginin coci, don haka shiga ko tsayawa daga waje zaɓin mai iyali ne. Tsohuwar Roma tana da manyan hanyoyin ruwa 11 da ke jawo shi daga nesa ba da inji ba, gangara kawai aka auna. Ɗaya daga ciki, Aqua Virgo, da aka kammala shekara 19 kafin Miladiyya, ita ce har yanzu ke kai ruwa mashahuriyar maɓulɓular Tirebi. A kan tituna kuma akwai famfunan ƙarfe sama da 2,000 da ake kira nasoni, waɗanda aka fara kafawa a 1874. Ruwansu mai sanyi ne, na sha, kyauta, yana zuba dare da rana. In ka toshe bakin famfon da yatsa, sai ruwan ya yi tsiri ta wani ɗan rami da ke samansa ya faɗo daidai bakinka, ba ka buƙatar kofi. Yaron da ya taso yana ganin layin jarkoki a unguwa zai yi tambayar da ta dace: yaya aka yi mutanen shekara 2,000 da suka wuce suka iya wannan?

Afirka ma tana da sawu a birnin. Dogayen ginshiƙan dutsen da ke tsaye a dandaloli, da yawansu daga Masar aka ɗauko su, mafi tsawonsu, na dandalin Lateran, daga Karnak ya zo a 357. Sarki Septimius Severus, wanda ƙofar tunawa da nasararsa ke tsaye a tsohon dandalin mulki, haifaffen Leptis Magna ne a Libiya ta yau. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Alhasan ɗan Muhammad Alwazzan, malamin da aka haifa a Garnaɗa ya tashi a Fas. 'Yan fashin teku sun kama shi a 1518, aka kai shi Roma, aka tsare shi a ganuwar Sant'Angelo, Fafaroma Leo na Goma ya yi masa baftisma a 1520, Turawa suka san shi da Leo Africanus. A Italiya ya rubuta littafinsa na bayanin Afirka, ya gama a 1526, aka buga a Banis a 1550, kuma a cikinsa ya yi maganar Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir da Agadas. Masana na da saɓani kan ko duk ya taka waɗannan ƙasashe da ƙafarsa, amma ta hanyar littafin nan ne Turawa suka daɗe suna jin labarin ƙasar Hausa. Ganuwar tana nan a bakin kogi, ana shiga.

Saura batun tsiraici da sutura. Sassaƙe-sassaƙen nan gaskiya ne, kuma ba a tilasta wa kowa shiga gidan da aka tara su. Mai iyali shi ke tsara hanyarsa: yau kangayen tarihi, gobe lambun Borghese da gidan namun dajin da ke cikinsa, jibi filin da ragowar tsoffin hanyoyin ruwa ke tsaye. Mace mai hijabi kuwa ba abin mamaki ba ce a birnin da mata masu hidimar coci ke yawo da lulluɓi, inda kuma manyan wuraren ibadarsu ke mayar da duk wanda ya zo kafaɗa ko gwiwa a buɗe. Wannan bai hana a haɗu da mai kallon raini ga baƙar fata ba, kamar a sauran biranen Turai, haka 'yan sane suna nan a motocin haya da jiragen ƙarƙashin ƙasa masu cunkoso. Waɗannan dalilan yin hattara ne, ba su kai na fasa tafiya ba.

Tsada ita ce hujjar da ta fi nauyi, kuma ba za a yi musunta ba. Biza da tikiti da masauki da kuɗin yuro ba wasa ba ne. Wanda kuɗin makarantar yara ko bashi ko farillar Hajji ke kansa, ya san abin da ya kamata ya gabatar. Amma ga wanda ya riga ya yi niyyar fita hutu, ya sani cewa yara 'yan ƙasa da shekara 18 kyauta suke shiga wuraren tarihi na gwamnati, har da Kolosiyum, kuma Lahadin farkon kowane wata kyauta ce ga kowa. Gahawar da aka sha a tsaye a kanta ta fi wadda aka sha a zaune araha, gidan abincin da ke lungu kuma ya fi na gaban wurin kallo sauƙi da daɗi. A guji Yuli da Agusta saboda zafi da cunkoso.

Ba a ce kowa sai ya je Roma ba, kuma wanda ya zaɓi Istanbul ko Alƙahira bai yi laifi ba. Abin da ake roƙo shi ne a daina yanke wa birni hukunci da jita-jita. Magidancin da zai ce ba zai je ba, ya faɗi dalilinsa na gaskiya, ko na aljihu ko na ra'ayi. Kada ya ce babu halal, babu masallaci, babu abin koyo, domin ukun nan duka akwai su, kuma Musulmi shi ya fi cancanta ya yi adalci a magana ko da a kan garin da ba nasa ba ne.